Tifa, Keke da Surukina

Tun da muka dawo daga Gana ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce ina tsaraba, wani kuma wai ya ji an raba mana kwamfuta har mun rasa inda za mu zuba. Waɗanda suka fi damuna su ne mutanen da surukina ya tare a titi kwanan nan ya yi musu zancen tifa da keke, sai su ja ni gefe su rage murya su ce, "Malam Auwalu, tsohon nan lafiyarsa ƙalau kuwa?" Lafiyarsa ƙalau. Ga yadda aka yi, na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare da ke Akurba, a garin Lafiya. Wata ƙungiya ce ta shirya taron bita a wata kwalejin horon malamai kusa da Akara, don a koya wa malaman Fiziks na ƙasashen yankinmu sabon salo: malami ya rage surutu, ɗalibi ya yi aiki da hannunsa da bakinsa, a kuma shigo da na'urori cikin aji. Daga wajenmu mutum uku aka ɗauka. Akwai ni, akwai Madam Ladi da ke koyarwa a Assakio, mace mai faɗin abin da ke ranta tun kafin a tambaye ta, sai kuma Baba.

Ba zan rubuta sunansa ba, kuma duk ɗan Lafiya ya san dalili. Shi ya koya mini Fiziks ina ɗalibi, bayan shekaru ya ɗauki 'yarsa Falmata ya ba ni. Ɗalibai suna ce masa Baba Doka, saboda yadda yake karanto dokokin motsi guda uku da ka, ido rufe, yatsa a sama. Ni Baba kawai nake cewa. Su Barebarin unguwar Bukan Sidi ne, mu kuma fatauci ya kawo kakanmu daga Kano, amma a wajen kunyar suruki babu mai yi wa wani gori. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, ba na zama kujera ɗaya da shi, ballantana in yi masa musu. Ko a ajina, duk yaron da ya ci sunansa "mai sunan Baba" nake ce masa. Bana zai yi ritaya, wannan ce tafiyarsa ta farko wajen Najeriya in ka cire aikin Hajji, kuma ya ɗinka mata babbar riga.

An ce jirgi za mu hau daga Abuja. Baba ya ce a'a. Ya ce ranar da ya hau na Makka don Allah ya hau, amma ba zai sake ba saboda bita, domin shi ya koyar da abin da ke riƙe jirgi a sama, kuma ya san ba wani abin kirki ba ne. Falmata ta dube ni ta ce, "To in Baba mota zai bi, kai ma mota." Ta damƙa mini maganin hawan jininsa, ta ce in dawo mata da ubanta yadda na tafi da shi. Madam Ladi ta ce ita ma mota, don ta ji labarin atamfar Lome.

Wahalata ta fara tun daga tasha. Kwandasta ya ga dattijo da matashi tare, ya yi mana karamci ya ba mu kujera ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa. Na roƙi wata mai buhun doya muka yi musaya, na koma can baya a kan taya, inda kowane rami da ke tsakanin Akwanga da Keffi ya gaisa da ƙuguna. A Lokoja aka tsaya cin abinci. Baba ya shimfiɗa darduma a inuwa ya buɗe dambun naman da aka yi masa guzuri, ya kira ni. Na ce na ƙoshi. Na zagaya bayan wata tirela na sayi soyayyen kifi ina turawa a tsaye kamar ɓarawo, sai ga Madam Ladi.

"Oga Auwal, wannan kunya naka zai kashe ka kafin Legas," in ji ta. "Baba bai kama bakinka ba fa. Abeg zauna ka ci kamar mutum."

Na ce ba za ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, ita ma tana da suruki, amma ita da shi kwano ɗaya suke cin burabusko, in nama ya rage ɗaya ma rige-rige suke yi.

Muka kwana Legas, da safe muka kama hanyar bakin teku. Tsakanin Legas da Akara iyaka uku ce, kuma a kowace sai an sauko, an bi layi, an buga hatimi, an koma mota. A ta biyu ne, inda Faransanci kawai ake ji, aka buɗe jakar Baba. Mutumin da aka gayyata taron na'urori ya taho da rularsa ta katako mai tsawon mita guda da kwalin alli, wai bai yarda da allin ƙasar da bai sani ba. Ramukan hanya sun niƙe rabin allin ya zama gari. Jami'in ya ɗebo farin garin a yatsa, ya shinshina, ya dubi Baba da farin gemunsa, ya kira abokin aikinsa. Baba ba ya jin Faransanci, su ba sa jin Turanci, ni kuma kunya ta hana ni shiga gabansa in yi bayani. Da abin ya ishe shi, sai ya zaro guntun alli mai rai, ya juya ga bangon ofishin mutane ya rubuta dokar motsi ta farko da kyakkyawan rubutunsa, ya ja layi a ƙasa da rula. Jami'in ya ƙura wa bangon ido, sai ya sara masa, ya ce "Furofesa!" Aka mayar masa da kayansa, aka kuma ba ni tsumma na goge bango.

Da muka shiga Gana, abin da na fara lura da shi shi ne ladabin bakinsu. Komai sai sun sa "filis", wato don Allah. Ka tambayi mutum ko nan ne tasha, ya ce don Allah e. Ka ce motar ta tashi, ya ce don Allah ta tashi. Direbobinsu kuma ba su cika danna oda ba, har na fara zargin ko kuɗi ake biya kafin a danna. A gefen tasha muka sami wata dattijuwa 'yar zango, wato unguwar Hausawa, tana sayar da koko da ƙosai, tana Hausa irin ta kasuwar Lafiya, wadda mace da namiji duk "shi" ne. Ta ce daga ina? Na ce Lafiya. Ta ce lafiya lau, daga ina? Na ce Lafiya. Ta ce ai ta amsa. Wannan wasan tun ina yaro ake yi mini shi a Kano, ban san zai bi ni har Gana ba.

A masauki aka raba ɗakuna mutum biyu-biyu, kowa da ɗan ƙasarsa. Kun riga kun san da wa aka haɗa ni. Gado biyu, banɗaki ɗaya, ƙofarsa kuma ba ta rufuwa sai an tokare da bokiti. Na je wajen mai kula da ɗakunan na ce a canza mini, ya ce don Allah me ya sa? Na ce baban matata ne. Fuskarsa ta washe, ya ce don Allah ai wannan sa'a ce, iyali guda ɗaki guda. Haka na yi zaman nan ina kwana da riga da wando, ina wanka a banɗakin 'yan Gambiya.

Abinci kuwa, ranar farko aka kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, da kifi da baƙin yaji. Baba ya gutsura, ya ajiye, ya ce a kira mai dafawa a gaya mata cikin mutunci cewa tuwonta ya kwana. Aka ce ai haka ake son sa, da gangan ake barinsa ya yi tsami. Ya ce to Allah ya kyauta. Wake da shinkafarsu ne ya cece shi, ko da yake su sai sun ɗora masa taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai, kamar mai dafawar ta rasa wanda za ta bari. Ni dai duk wannan daga nesa na gani, don farantina nake ɗauka in koma bayan ginin, kusa da tankin ruwa.

Aka buɗe taro da jawabin wani babban farfesa. Ya ce bincike ya nuna kada malami ya daɗe yana magana shi kaɗai, ɗalibai gajiya suke yi. Ya maimaita wannan da misalai, da hotuna a majigi, da tarihin rayuwarsa, tun hantsi har aka kira azahar. Wani ɗan Saliyo kusa da ni ya yi barci har da minshari, ya farka ya fi kowa tafi. Daga nan aka yi hoton rukuni, aka raba jaka da riga mai tambari, mutane suka fara tambayar ranar da za a ba da satifiket.

Mai koyar da mu ta gaskiya ita ce Dakta Akosuwa, 'yar gajeriya mai saurin tafiya. Da Madam Ladi ta ji cewa Akosuwa sunan macen da aka haifa ran Lahadi ne, sai ta rungume ta tana "takwarana!" Dakta ta ce a ɗakin nan babu Dakta, babu Alhaji, babu Oga, kowa da sunan yanka za a kira shi. Aka rubuta sunan kowa da manyan haruffa aka maƙala masa a ƙirji. Na ɗaga kai na ga sunan Baba tsirara a kan babbar rigarsa, na yi maza na mayar da idona ƙasa. Sai ta ce kowa ya tashi ya gabatar da maƙwabcinsa da sunansa. Layi ya zo kaina, ga shi tawaga-tawaga aka zaunar da mu, Baba ne maƙwabcina. Na miƙe, na ce wannan malamina ne, kuma kakan 'ya'yana ne. Ta ce sunansa fa? Na ce yana rubuce a ƙirjinsa. Ta ce in karanta. Na ce na bar tabarau a ɗaki, alhali yana kan hancina. Madam Ladi ce ta faɗi sunan da ƙarfi daga bayanmu, aka wuce wurin.

Washegari aka zo kan salon da suka fi taƙama da shi. Malami zai jefa tambaya, kowane ɗalibi ya kaɗa ƙuri'a ta wayarsa, sakamakon ya fito a majigi, sannan kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, a sake ƙuri'a. Aka ba mu lambar shiga intanet, ta ƙi. Aka kira mai gyara, ya ce mun yi yawa. Aka ce rabi su kashe waya, kowa ya jira ɗan'uwansa ya kashe. Daga ƙarshe Dakta ta buɗe jakarta ta fito da katunan kwali, ja da rawaya da kore, waɗanda da alama ba ranar suka fara ceton ta ba.

Tambayar ita ce: tifa cike da yashi ta yi karo da keke mai ƙafa uku. A lokacin karon, wa ya fi bugun wani da ƙarfi? Ja, tifa ta fi. Rawaya, keke ya fi. Kore, ƙarfin daidai yake.

Amsar kore ce. Wannan ita ce dokar motsi ta uku, wadda Baba ya sa muka haddace har muna mafarkinta: duk ƙarfin da ka bugi abu da shi, da irinsa abin ya buge ka. Keke yana murƙushewa ne don jikinsa ƙarami ne, ba don an fi bugunsa ba. Na zaro kore hankali kwance, na waiga, sai na ga Baba ya ɗaga ja, ya ɗaga shi sama sosai, yadda yake ɗaga yatsa. Kusan rabin ɗakin ma ja ne, malaman Fiziks na ƙasa da ƙasa. Na juya katina ta gefe, yadda daga gaba ba za a ga launinsa ba.

"Yanzu kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa," in ji Dakta.

Baba ya juyo. "Auwalu, kai me ka ɗaga?"

"Ina kan nazari tukuna, Baba."

"Wane nazari? Ka taɓa ganin an kai tifa asibiti?"

"Ban taɓa ba, Baba. Sai dai ita doka ta uku…"

"Doka ta uku ni na koya maka. Tana aiki a kan littafi da tebur, abu a zaune. Wannan kuwa titi ne. Doka tana littafi, tifa tana titi."

Na ce haka ne, Baba. Aka sake ƙuri'a, na ɗaga ja.

Na zaci Dakta za ta faɗi amsa a huta. Ashe a tsarinsu malami ba ya faɗin amsa, ɗalibi ne zai gano da kansa. Ta yi murmushi ta ce za a bar tambayar a buɗe. A ranar rufe taro kowace tawaga za ta koyar da darasi guda a gaban kowa, da manyan baƙi, da masu ɗaukar bidiyon da za a raba wa makarantu. Tifa da keke ta ba tawagar Lafiya. Ta ce wa zai tsaya a gaba? Ni da Madam Ladi ba mu buɗe baki ba Baba ya ce ai akwai babba a wurin.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni. Mutumin nan shekarunsa na aiki kaf garin Lafiya tashi ake yi in ya shigo. Ga shi zai rufe aikinsa da tsayawa gaban ƙasashe, cikin sabuwar babbar riga, ya karya dokar da aka yi masa laƙabi da ita, a ɗauka a bidiyo, bidiyon kuma ya iso har wayoyin ɗalibansa. Ni kaɗai ne kusa da shi da zan iya hanawa, kuma ni kaɗai ne duk duniya ba ni da bakin yi masa gyara.

A al'adarmu, in kana da magana da suruki, ɗan aike kake nema. Na fara da Madam Ladi. Ta same shi a wurin shan shayi ta ce, "Baba, wannan amsa naka ba daidai ba ne o. Force ɗin equal ne." Baba ya yi mata murmushin da ake yi wa jika, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya tambaye ta yaya noman doya a Assakio bana. Da ta tafi ya ce mini yarinyar kirki ce, amma ya ji asalinta Kemistiri ta karanta.

Na kira Falmata. Ta ce, "To ka gaya masa mana." Na ce ke ki gaya masa, ubanki ne. Ta ce ita me ta sani a tifa? Ta ce, "Ni dai na faɗa maka, yadda ka tafi da shi haka za ka dawo mini da shi. In aka yi masa dariya a ƙasar mutane, kai da ni ne." Ta kashe waya.

Ana gobe rufe taro aka kai mu ɗakin gwaji, aka nuna mana wasu 'yan motoci na ƙarfe da ke gudu a kan ɗan layin dogo. Kowace tana da na'urar auna ƙarfi a goshinta, in sun yi karo sai ƙaramar kwamfuta ta zana ƙarfin kowace a allo, layi biyu, shuɗi da ja. Yawancin mahalarta hoto suka tsaya ɗauka da su don a gani a gida. Da aka tashi cin abincin rana, na roƙi mai kula da ɗakin ya bar mini mabuɗi, na je na durƙusa gaban Baba.

"Baba, wata na'ura ce ta ƙi mini aiki, na ce ko za ku duba mini. Ina jin ta lalace."

Babu abin da Baba yake so kamar a ce na'urar Bature ta lalace. Ya tashi da rularsa. Na ɗora wa mota ɗaya ƙarafa har ta yi nauyi, na ce wannan ce tifa, na bar ɗayar fayau, na ce wannan keke. Na turo tifa ta bugi keke, keke ya yi tsalle ya koma baya. Na nuna allo.

"Kun gani, Baba? Duk yadda na buga, layin nan biyu tsawonsu ɗaya. Ya kamata na tifa ya fi."

Ya ce in matsa. Ya buga da kansa, layi biyu daidai. Ya ce na'urorin ne, a musanya su. Na musanya, daidai. Ya ƙara wa tifa nauyi da kwalin allinsa, daidai. Ya tsayar da tifa ya turo keke, daidai. Ya cire hula ya ajiye, ya naɗe hannun riga, ya turo su duka biyun da ƙarfi har keke ya faɗo ƙasa. Ya sa rularsa a kan gilashin allon ya auna layukan da kansa, don bai yarda da idon kwamfuta ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon takalmina.

Can ya ce, "Na'urar nan lafiyarta ƙalau."

Na matso kusa da allon.

"Bugun ɗaya ne," ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake. "Jikin da ya karɓa ne ba ɗaya ba." Ya zauna a kan kujerar ɗalibai. "Auwalu, ranar ƙuri'a, wane kati ne a hannunka kafin ka ga nawa?"

"Kore ne, Baba."

"Matar nan ta ce ka shawo kan maƙwabcinka. Ni ne maƙwabcinka. Sai ka aiko mini da mota."

"Baba, ai ba zan iya…"

"Na sani. Kunyata ka ji, Allah ya yi maka albarka." Ya ɗauki keken daga ƙasa yana juya shi. "Ni ba gobe nake tunani ba. Kusan kowace shekara sai wani yaro ya ɗaga hannu ya yi mini irin wannan tambaya, babbar mota da ƙarama. In ce masa babba ta fi, zauna. Su ma duk kunyata suka ji, suka zauna."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa ganin kan Baba babu hula ba sai ranar.

Ranar rufewa ya fito cikin babbar rigarsa, manyan baƙi a jere, bidiyo na ɗauka. Ya zana tifa da keke a allo da allinsa na Lafiya, ya zaro jan kati daga aljihu ya ɗaga. Ya ce, "Ni wannan na ɗaga ranar farko, kuma shi nake ɗagawa tun kafin a haifi rabinku. Wanda ya isa ya zo ya shawo kaina." Sai ya nemi wuri ya zauna ya yi shiru. Ɗaki ya kaure da musu, 'yan Laberiya na buga tebur, wani ɗan Gana na cewa don Allah ba ka da gaskiya, har babban farfesan nan aka gani yana jayayya da direban da ya kawo shi. Da hayaniya ta kai inda ta kai, Baba ya sa aka buga motocin nan, layi biyu suka fito a majigi, ya mayar da ja aljihu ya ɗaga kore. Duk darasin bai yi maganar da ta wuce wannan ba. Dakta Akosuwa ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta kira shi da sunansa, ni kuma na duba silin.

Masu tambayar kwamfuta, ga amsarku. Guda ɗaya aka ba tawagarmu, da 'yan motoci biyu. Da muka kawo, aka yi bikin karɓa, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka kulle su a kabad ɗin wani ofis don kada ɗalibai su lalata. An ce za a shirya mana taron da za mu koya wa sauran malamai abin da muka koyo, an ma buga kyallen sanarwa, ana jiran babban baƙo ya sami lokaci.

Baba bai jira kowa ba. Tun da muka sauka yake bin tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, kuma rabin garin nan ɗalibansa ne. Ya sami wani a kantin magani, ya sami wata nas a bakin asibiti, ya tare wani babban ma'aikaci yana fitowa daga masallacin Juma'a. Kowa abu ɗaya yake gaya masa: "Abin da na faɗa maka a aji kan babbar mota da ƙarama, ba haka ba ne. Bugun daidai yake." Yawancinsu ba su ma tuna an yi ba, sai su ce to Baba, mun gode, su bi shi da kallo. Wani mai keke a Bukan Sidi, da Baba ya gama yi masa bayani, ya ce, "To Baba, ni na yarda. Saura ka gaya wa tifa."

Makon jiya ya aiko a kira ni makarantarsu. Na zaci maganin hawan jini ne ya ƙare. Na iske ajinsa na ƙarshe cike, kowane yaro da katuna uku da aka yanka daga kwalin taliya aka shafa musu launi. Tifa da keke suna allo. Baba ba ya gaban aji, yana can tsakiya a kan benci, cikin yara, da jan katinsa na Gana a hannu. Ya matsa ya bar mini wuri kusa da shi, ya buga bencin da tafin hannu.

"Zauna nan. Ina so yaran nan su ga yadda ake yi. Wannan mijin 'yata ne, kun san abin da ke tsakaninmu. Auwalu, ni na ce tifa ta fi. Juyo ka shawo kan maƙwabcinka. Da bakinka, babu mota."

Na zauna, gwiwa na gogar gwiwa. Na buɗe baki na ce, "Baba, ba haka ba ne." Wata yarinya ta rufe bakinta da hijabi. Na yi bayanin tun daga farko har ƙarshe, shi kuma yana kawo mini musu da gangan ina warwarewa. Da na gama ya ɗaga kore, ya juya ga yaran ya ce, "Kun ga ya mutu? Kun ga na mutu? To kowa ya juya ga maƙwabcinsa." Ajin ya ɗauki hayaniya har shugaban makaranta ya leƙo da bulala, ya ga wanda ke zaune a benci, ya koma.

Cikin hayaniyar Baba ya sunkuyo ya ce mini, "Saura abu ɗaya. A can sun ce da sunan yanka ake kiran maƙwabci."

Na ce, "Baba, wannan kam sai dai a aiko mota."